Ƙaura da Ƙaurarwa: Nazarin Wasu Zane-zane da Suka Siffanta Tarwatsewar Armeniyawa

1.0 Gabatarwa

Armeniyawa suna daga cikin tsofaffin al'ummun yammacin Asiya. Mazauninsu na asali shi ne tsaunukan da suka kewaye tafkin Van da dutsen Ararat da kogin Aras. Sun karɓi Kiristanci ya zama addinin masarautarsu tun farkon ƙarni na 4, kuma wajen shekarar 405 wani malaminsu mai suna Mesrop Mashtots ya ƙirƙiro musu haruffan da suke rubutu da su har yau. Da yake ƙasar tasu ta faɗo tsakanin Daular Usmaniyya da Farisa da Rasha, duk lokacin da waɗannan dauloli suka gwabza, a kan Armeniyawa ƙurar take sauka. Wannan ne ya sa a yau waɗanda ke zaune a warwatse cikin duniya sun fi waɗanda ke cikin Jamhuriyar Armeniya yawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta feɗe wasu zane-zane da aka yi a kan wannan tarwatsewa, musamman zanen Vladimir Moshkov na shekarar 1832 da kuma zanen Arshile Gorky wanda sunansa ke nufin Mai Zane da Mahaifiyarsa. Hasashen da aka ɗora nazarin a kansa shi ne, zane yana da tsari irin na jumla, domin yakan nuna aikau da aikatau da karɓau, kuma yakan iya ɓoye ɗaya daga cikinsu. Saboda haka tambayar da za a yi wa kowane zane ita ce: wa ya ƙaura, wa kuma ya ƙaurar da shi?

2.0 Sunayen da Aka Raɗa wa Al'amarin

Kafin a shiga zanen, ya kamata a dubi kalmomin, domin gardamar da ake yi a kan tarihin Armeniyawa gardamar suna ce tun daga tushenta. Hausa ta bambanta ƙaura, wadda mutum kan yi da ƙafarsa bisa zaɓinsa, da ƙaurarwa, wadda wani ke sa shi yi. Aikatau na biyun yana cikin waɗanda masana nahawu suka sa a aji na biyar, masu nuna sa wani aiki. Haka abin yake a Larabci. Daga saiwar h-j-r aka sami hijira, daga ita kuma aka sami tahjir, wato tilasta wa wani yin hijira. Wannan kalma ta biyu ita ce ta shiga Turkanci a matsayin tehcir, kuma da ita aka fi sanin dokar wucin gadi da gwamnatin Usmaniyya ta kafa a ƙarshen watan Mayu na 1915, wadda ta ba sojoji ikon kwashe mutane daga garuruwansu.

Su kuwa Armeniyawa sun kira abin da ya same su Medz Yeghern, wato babban laifi, ko kuma Aghet, wato bala'i. Kalmar Turanci da Hausa ta fassara da kisan ƙare dangi ba ta samu ba sai a 1944, lokacin da lauya Raphael Lemkin ya ƙirƙiro ta, kuma abin da ya faru da Armeniyawa yana cikin misalan da suka tsaya masa a rai. Mafi yawan masana tarihi sun yarda cewa kalmar ta dace da al'amarin, ƙasashe irin su Faransa da Jamus da Amurka kuma sun amince da ita a hukumance. Gwamnatin Turkiyya ta yarda an yi asarar rayuka masu yawa, amma ba ta yarda da sunan ba, tana mai cewa kwashe mutane aka yi saboda larurar yaƙi. Ƙididdigar waɗanda suka mutu tana kamawa daga 600,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi, gwargwadon wanda ya yi lissafin.

Akwai kuma wata kalmar Armeniyanci, pandukht, wadda ke nufin mutumin da ya bar gida ya tafi nema a wata ƙasa, kusan abin da Bahaushe zai kira ɗan ci-rani. Za a ga amfaninta idan an zo kan Gorky.

3.0 Zanen Moshkov: Ƙaura a Idon Daula

A shekarar 1604 Shah Abbas na Farisa, yana cikin yaƙi da Usmaniyawa, ya kwashe Armeniyawa masu ɗimbin yawa daga garin Julfa da kwarin Ararat, ya tsallakar da su kogin Aras zuwa cikin Farisa. Da yawa sun halaka a ruwa da kan hanya. Attajiran cikinsu ya zaunar da su a gefen Isfahan, a unguwar da aka kira Sabuwar Julfa. Bayan fiye da shekara 200, sai Rasha ta ci Farisa da yaƙi, aka ƙulla yarjejeniyar Turkmenchay a watan Fabrairu na 1828. Sashe na 15 na yarjejeniyar ya ba mazauna arewacin Farisa damar komawa yankunan da Rasha ta karɓe, aka kuma ɗora wa Kanar Lazar Lazarev, wanda shi kansa jinin Armeniyawa ne, alhakin tafiyar da aikin.

Moshkov mai zanen yaƙe-yaƙe ne na daular Rasha, kuma ya zana wasu al'amura na wannan yaƙi da Farisa. Sunan da zanensa na 1832 yake ɗauke da shi ya isa abin nazari shi kaɗai, domin ma'anarsa ita ce ƙaurar Armeniyawa 40,000 zuwa cikin iyakokin Rasha a ƙarƙashin umarnin Kanar Lazarev shi da kansa. A cikin wannan jumla mutum ɗaya ne yake da suna da muƙami. Sauran kuwa adadi ne. Kanar shi ne aikau, Armeniyawa su ne karɓau, inda aka nufa kuma shi ne iyakokin daula. Mai zanen ya tsaya daga nesa, inda zai iya haɗa ayarin da faɗin ƙasar a kallo ɗaya, irin tsayuwar da ya saba yi idan zai zana runduna. Daga irin wannan nisa ana ganin yawa da tsari, amma gajiya da yunwa ba su kai wa ido.

Abin da zanen ya bari a waje ya fito a rubuce. Akwai wata takarda da ake dangantawa da Aleksandr Griboyedov, marubuci kuma jakadan Rasha a Farisa, wadda ta koka da yadda aka tafiyar da aikin ba bisa shiri ba, da yadda aka sauke baƙin a filayen Musulmi masu ƙasa har zaman ya fara tsami. Wato tun a lokacin akwai wanda ya ga abin da zanen bai nuna ba. Har ila yau, zanen bai tuna da ƙaurarwar 1604 ba, alhali kogin da aka tsallako zuwa arewa shi ne wanda aka tsallaka zuwa kudu a zamanin Shah Abbas. Wannan giɓi ne ya sa har yanzu ake ja-in-ja da zanen a gardamar Armeniya da Azarbaijan: wani ɓangare na kafa hujja da shi cewa Armeniyawa baƙi ne da Rasha ta kawo, ɗaya ɓangaren kuma na cewa komawa gida suka yi. Zanen da aka yi domin yabon daula ba zai iya raba wannan gardama ba, domin tun farko ba a yi shi don a ji ta bakin masu tafiyar ba.

4.0 Masu Zanen da Suka Ga Ɓarna

Daga ƙarshen ƙarni na 19 Armeniyawa suka fara zana abin da ke samun su da hannunsu. A lokacin kashe-kashen 1894 zuwa 1896, a zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu, Vardges Sureniants ya yi zanen da sunansa ke nufin wuri mai tsarki da aka tattake, a shekarar 1895. A ciki ana ganin wurin ibada bayan an gama ɓarna, ga gawar malamin coci, ga littattafai a warwatse. Maharan sun riga sun wuce. A nan an sakaya aikau, an bar sakamakon aiki ya yi magana, kamar yadda Bahaushe kan ce "an kashe" ba tare da ya ambaci wanda ya kashe ba. Ivan Aivazovsky, mashahurin mai zanen teku wanda shi ma Ba'armeniye ne, ya zana kisan da aka yi a Trabzon a 1895.

Al'amarin 1915 ya fi na baya girma nesa ba kusa ba. A ranar 24 ga Afrilu aka kama shugabanni da marubutan Armeniyawa a Istanbul, daga baya aka raba maza da iyalansu, aka kora mata da yara da tsofaffi a ƙafa zuwa hamadar Sham, musamman yankin Deir ez-Zor a bakin kogin Furatu. Sanannun hotunan wannan tafiya su ne waɗanda Armin Wegner, ma'aikacin jinya a rundunar Jamus, ya ɗauka da kyamara a 1915 da 1916. Darajarsu a matsayin shaida ba ta misaltuwa. Sai dai mutanen da ke cikinsu ba su da suna, kuma an kama su ne a lokacin da aka riga aka raba su da duk abin da ke nuna ko su wane ne.

Martiros Saryan, wanda ake ɗauka a matsayin jigon masu zanen Armeniya a ƙarni na 20, ya je Echmiadzin a 1915 domin taimaka wa 'yan gudun hijira. Abin da ya gani ya taɓa lafiyarsa har aka ɗauke shi daga wurin. Da ya koma aiki, furanni ya zana. Wannan kawar da kai shi ma bayani ne: mai zanen da ya fi kusa da al'amarin ya kasa mayar da shi abin kallo.

5.0 Gorky da Zanen Mahaifiyarsa

5.1 Taƙaitaccen Tarihi

An haifi Vostanik Adoian wajen shekarar 1904 a ƙauyen Khorkom da ke bakin tafkin Van. Mahaifinsa ya tafi Amurka yana ƙaramin yaro, ya bar matarsa Shushan da 'ya'ya. Wajen 1912 uwar ta je da ɗan wurin mai ɗaukar hoto a birnin Van, aka ɗauke su, aka aika wa mahaifin. Wannan hoto wasiƙa ce zuwa ga pandukht, irin wadda ake aika wa wanda ya daɗe a ci-rani domin a tuna masa cewa ya bar mutane a gida.

A watannin Afrilu da Mayu na 1915 Armeniyawan Van suka kare unguwanninsu daga sojojin Usmaniyya har rundunar Rasha ta iso. Iyalin Adoian suna cikin dubban da suka bar yankin a ƙafa a wannan shekara, suka nufi Echmiadzin da Yerevan. Ya kamata a lura cewa ba su cikin ayarin da aka kora zuwa Sham; nasu gudun hijira ne zuwa gabas. A watan Maris na 1919, lokacin yunwar da ta addabi Yerevan, Shushan ta rasu saboda rashin abinci. A 1920 yaron da ƙanwarsa Vartoosh suka isa Amurka. Can ya sake suna ya koma Arshile Gorky, kalmar da ke nufin mai ɗaci a Rashanci, yakan kuma bar mutane su ɗauka shi ɗan Rasha ne, har ma dangin marubuci Maxim Gorky. Ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wa masu zanen New York sabuwar hanya, ya kuma kashe kansa a watan Yuli na 1948 bayan gobara ta cinye ayyukansa da dama, ga ciwon daji, ga haɗarin mota.

5.2 Zubi da Tsarin Zanen

A Amurka Gorky ya sake samun hoton 1912, ya kuma ɗora zane biyu a kansa, kowanne tsawonsa ya kai kimanin santimita 152. Na farko, wanda ya fara wajen 1926 ya yi ta aiki a kansa kimanin shekara 10, yana gidan adana zane na Whitney a New York. Na biyu, wanda ya ci gaba da taɓawa har wajen 1942, yana babban gidan adana zane na ƙasa a Washinton. Na farkon launinsa ya dushe, ya karkata ga fari da toka-toka da ruwan ƙasa. Na biyun ya fi ɗumi, yana da ja-ja irin na jan yumɓu.

A cikin zanen yaro yana tsaye daga hagu, sanye da kwat, riƙe da 'yan furanni. Uwa tana zaune daga dama, ta lulluɓe kanta, tana fuskantar mai kallo. Babu hanya, babu ayari, babu soja. Wanda bai san tarihin ba zai iya ɗauka hoton iyali ne kawai. Amma idan aka ajiye zanen kusa da hoton da aka kwaikwaya, sauye-sauyen da mai zanen ya yi za su fito fili, kuma a cikinsu ne jigon yake.

Sauyi na farko yana ga tufafin uwa. A cikin hoton kyamara tana sanye da yadi mai adon furanni. A zanen Whitney an share adon gaba ɗaya, an bar wani faffaɗan fari daga ƙirjinta zuwa ƙasa, wanda ba ya nuna gwiwa ko cinya ko wani nauyin jiki. Duk wanda ya taɓa ganin likkafani zai gane abin da farin ya yi kama da shi. Sauyi na biyu yana ga hannuwa. Gorky gwanin zana hannu ne, kamar yadda sauran ayyukansa suka nuna, amma a nan ya bar hannuwan uwar dunƙule, ba yatsu, kamar an naɗe su. Hannun da ke ciyarwa da rarrashi shi ne aka hana wa siffa. Sauyi na uku shi ne ɗan giɓin da ke tsakanin hannun rigar yaron da kafaɗar uwar a zanen Whitney. Tazarar ba ta da faɗi, amma ta raba zanen gida biyu, ta sa yaron ya zama kamar mai shirin wucewa, uwar kuma ta kafe a wurinta.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar Shushan ita ce aka fi ƙawatawa a duk zanen: manyan idanu masu duhu, baki a rufe, fata sumul kamar ta tangaran. An ruwaito cewa Gorky yakan shafa fenti, ya bari ya bushe, ya kankare shi da reza, ya sake shafawa, har saman zanen ya yi santsi. Tsayuwar fuskar da yadda aka keɓe kanta a gaban wani murabba'i na bango suna tuna wa mai kallo hotunan Maryamu na coci-cocin Gabas, da sassaƙen da ke jikin cocin tsibirin Akhtamar na ƙarni na 10, wanda ke cikin tafkin Van kusa da ƙauyen da aka haife shi. Ke nan ya ɗauki matar da ta mutu cikin dubban mayunwata, ya ba ta irin zaman da al'adarsu ke ba tsarkaka.

Idan aka koma ga ma'aunin da aka kafa a farko, za a ga cewa wannan zane jumla ce marar aikatau. Ba a nuna wani yana yi wa wani kome ba. Abin da ya rage shi ne sunaye biyu, uwa da ɗa. Moshkov ya ba da adadi ya hana suna. Gorky ya ba da mutum biyu ya bar mai kallo ya yi lissafin sauran da kansa. Adon da ya share daga jikin uwar bai ɓace ba, domin a 1944 ya yi wani zane na launuka zalla, marar siffar mutum, ya raɗa masa sunan da ke nufin yadda ƙyallen gaban mahaifiyarsa mai surfani yake warwaruwa a cikin rayuwarsa.

5.3 Wata Gardama

Wasu manazarta suna ganin an ɗora wa zanen nauyin da ya fi ƙarfinsa. Hujjarsu ita ce, a shekarun da aka yi shi Gorky yana koyon hannun Picasso da Ingres ne, kuma dunƙulallun hannuwa da wuraren da ba a ƙarasa ba abubuwa ne da aka sani a salon wancan zamani. Sun ƙara da cewa mutumin da ya ɓoye asalinsa bai kamata a mayar da shi kakakin al'umma ba. Wannan magana tana da ƙarfi ta wata fuska, musamman da yake wasiƙun da ɗan 'yar'uwarsa Karlen Mooradian ya buga da sunansa, waɗanda ke cike da kishin Armeniya, masu rubuta tarihin rayuwarsa sun nuna shakka mai ƙarfi a kan ingancin da yawa daga cikinsu. Saboda haka bai dace mai tarke ya jingina da su ba.

Sai dai ba a bukatar wasiƙun. Hoton 1912 yana nan, zane-zanen biyu suna nan, kowa yana iya gwada su. Aron salo ba ya soke jigo, kamar yadda mawaƙin da ya ari karin Larabci bai fasa faɗin abin da ke ransa ba. Tambayar ita ce me ya sa, cikin duk dabarun da ya koya, ya zaɓi na sharewa ya ɗora su a daidai hannuwa da jikin wannan mata, ya kuma shafe fiye da shekara 15 bai ce ya gama ba. Ɓoye asalin ma, idan aka duba da kyau, yana cikin abin da gudun hijira ke haifarwa: mutum ya tsira da ransa, ya bar sunansa a baya.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa zanen ƙaura yana bin bakin wanda ya yi shi. Daula ta zana ƙaurarwa a matsayin aikin alheri mai tsari, ta sa jami'inta a gaba. Sureniants ya nuna ɓarna ya sakaya mai ɓarnar. Kyamarar Wegner ta adana shaida, amma ba ta adana sunaye ba. Gorky, wanda ya yi tafiyar da ƙafarsa, bai zana tafiyar ba sam. Ya koma ga rana ɗaya kafin ta, ya nuna abin da aka rasa. A ra'ayin wannan maƙala, nasa ne ya fi isar da nauyin al'amarin, domin ya tilasta wa mai kallo ya haɗa ido da mutum ɗaya.

Batun bai zama tsohon labari ba. Hukumar UNESCO ta sa Armeniyancin Yamma, wato karin harshen da yawancin zuriyar waɗanda suka tsira daga 1915 suka gada, cikin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa. A watan Satumba na 2023 kuma Armeniyawa fiye da 100,000 suka bar Nagorno-Karabakh cikin 'yan kwanaki, aka sake komawa kan tsohuwar gardamar ko ƙaura suka yi ko ƙaurar da su aka yi. Masu nazarin harshe, waɗanda aikinsu ne su lura da inda aka sakaya aikau a cikin jumla, suna da abin da za su ba masu nazarin zane a wannan fage, kuma fage ne da ke bukatar ƙarin bincike.